Soson da Wuta Ba Ta Ci

Ranar 27 ga Janairun 1967, 'yan sama jannati uku na Amurka, Gus Grissom da Ed White da Roger Chaffee, suka shiga kumbon Apollo 1 a Cape Kennedy da ke jihar Florida. Ba tashi za su yi ba, gwaji ne kawai, kumbon na kafe a ƙasa. An cika ɗakin da zallar iskar oksijin, aka garƙame ƙofa. Can da yamma wuta ta tashi, ana kyautata zaton daga wayar lantarki, kafin a yi wata-wata ta game ko'ina. Ƙofar kuwa ciki take buɗewa, matsin iskar ɗakin ya danne ta. Babu wanda ya fita da rai. Da masu bincike suka zo lissafin abin da ya ciyar da wutar, sai suka tarar da ragar nailan, da maɗaurin Velcro mai yawa, da kuma shimfiɗun soson roba da aka sa a ciki lokacin gwajin.

Daga nan hukumar NASA ta tashi haiƙan neman soso mai laushi, mara nauyi, wanda wuta ba za ta ci ba. A wancan lokaci masana sun san yadda ake yin soso, sun kuma fara sanin robar da ke jure wuta. Haɗa biyun wuri guda shi ne ya ɗauki shekaru.

Yin soso tsohon hannu ne. A 1929, a masana'antar Dunlop da ke Birmingham ta Ingila, E. A. Murphy da abokan aikinsa suka kaɗa ruwan itacen roba da injin kaɗa ƙullun kek har ya yi kumfa, suka sandarar da kumfar, aka sami matashin Dunlopillo. A 1937 Otto Bayer, a ɗakin binciken IG Farben da ke Leverkusen ta Jamus, ya gano poliyuretan. Ita wannan roba tana da wata baiwa: ɗaya daga cikin sinadaran da ake haɗa ta da su, wato aisosayanet, idan ya gamu da ɗan ruwa sai ya fitar da iskar kabon dayoksaid. Ke nan robar tana ƙulluwa tana hura kanta a lokaci guda. Har yau a masana'antar katifa haka ake yi, a zuba ruwan haɗi a kan bel mai tafiya, cikin 'yan mintuna ya tashi ya zama dunƙule mai tsayin kusan mita guda.

Farin soson nan da ke kewaye da talabijin ko firji a cikin kwali kuwa, polistirin ne. Ray McIntire na kamfanin Dow ya yi nasa nau'in a 1941, Fritz Stastny na BASF ya fito da mai 'ya'ya-'ya'ya a wajajen 1950, wanda aka raɗa wa suna Styropor. Kashi 98 cikin ɗari na jikinsa iska ce. A 1964 jirgin ruwan dakon kaya mai suna Al Kuwait ya kife a tashar ruwa ta Kuwait ɗauke da dubban tumaki, mushen na barazanar gurɓata ruwan da birnin ke tacewa ya sha. Wani ɗan Denmak, Karl Krøyer, ya ɗura wa jirgin 'ya'yan Styropor ta bututu har ya taso. A Nijeriya an kafa Vitafoam a 1962, sannu a hankali katifar soso ta ture ta audugar rimi da ta ciyawa daga ɗakunan amare.

Duk waɗannan sosunan ciwonsu ɗaya, kuma abin da ya sa suke da amfani shi ne ya sa suke da haɗari. Soso siraran bangaye ne na roba da iska ta kewaye ta kowace fuska, saboda haka wuta ba ta rasa abinci ba ta rasa numfashi. Poliyuretan kuma yana ɗauke da naitirojin, idan ya ƙone hayaƙinsa kan zo da gubar sayanaid bayan kabon monoksaid. A Mayun 1979 gobara ta tashi a sashen kujeru na kantin Woolworths da ke Mancesta, mutum 10 suka mutu. A Agustan 1980 jirgin Saudiya mai lamba 163 ya kama wuta a sama, matuƙin ya dawo da shi Riyad ya sauka lafiya, amma duk mutum 301 da ke ciki hayaƙi ya gama da su kafin a buɗe ƙofa. A Agustan 1985 wani jirgin British Airtours ya ƙone a kan titin tashi a Mancesta, mutum 55 suka rasu, akasarinsu hayaƙi ne ajalinsu ba harshen wuta ba. Hukumar sufurin sama ta Amurka ta kafa doka a 1984 cewa dole a lulluɓe soson kujerun jirgi da ƙyalle mai tare wuta, Birtaniya ta kafa tata kan kujerun gida a 1988. Lulluɓi dai rufa-rufa ce, soson na nan yadda yake a ciki.

A ɗaya gefen, masana sinadarai sun riga sun ƙera wasu robobi na daban. Kowace roba sarƙa ce doguwa ta ƙwayoyin sinadari. A roba ta yau da kullum sarƙar na lanƙwasuwa cikin sauƙi, shi ya sa ɗan zafi kan sassauta ta. A waɗannan sababbi an jera wa sarƙar zobba masu kusurwa shida na kabon, waɗanda ba sa lanƙwasuwa kuma ba sa tsinkewa da wuri. Union Carbide ya fito da polisalfon a 1965. DuPont ya fito da Kapton a cikin shekarun 1960, takardar poliyimaid ruwan zuma da ke aiki daga digiri 269 ƙasa da sifili har zuwa wajen 400, ita ce ma aka yi laimar madubin hangen sararin samaniya na James Webb da ita. Kamfanin ICI na Ingila ya samar da PEEK a 1978, General Electric ya kawo Ultem a 1982. Irin waɗannan idan aka kara musu wuta, ba sa narkewa su yi ta ɗiga, sai bayansu ya koma gawayi, gawayin ya kare abin da ke ciki.

To, ta yaya za a hura iska cikin abin da ya ƙi laushi? Mai suyar waina ta san sirrin soso ko da ba ta taɓa jin sunan Otto Bayer ba: ƙullun ya kasance da ruwa-ruwan da iska za ta iya buɗa shi, da kaurin da zai riƙe iskar kada ta tsere, sannan tanda ta sandarar da shi kafin ramukan su rufta. Abu uku ke nan da dole su zo a kan gaɓa. Polistirin yana laushi a wajen digiri 100, sinadarin fentan da ake hura shi da shi yana tafasa a 36, tururin ruwa kawai ya isa ya haɗa su. Ultem kuwa sai an kai 217 yake fara sakin jiki, PEEK sai 343 yake narkewa. Garin da aka fi amfani da shi wajen hura roba yana sakin iskarsa a wajen digiri 200, wato zai gama aikinsa tun PEEK na nan ƙam. Wasu nau'o'in poliyimaid ma ba sa narkewa ko kaɗan, sai dai su ƙone. Narkar da su a ruwan sinadari ma aiki ne: a zafin ɗaki, kusan ba abin da ke narkar da PEEK sai tsantsar ruwan batir mai ƙarfi.

Dabara ta farko da ta yi aiki ita ce a yi wa robar sammako, a hura ta tun ba ta zama kanta ba. A cikin shekarun 1970 cibiyar NASA ta Johnson da ke Houston ta ba da kwangila ga sashen Solar na kamfanin International Harvester a San Diego, inda masanin sinadarai John Gagliani ya jagoranci aikin. Maimakon su kama gamammen poliyimaid su yi ta fama da shi, sai suka haɗa sinadaran da ke haifar da shi suka tsayar da su a rabin hanya, suka busar ya zama gari. Idan aka ɗumama garin sai ya narke ya yi danƙo, ƙwayoyin su fara ƙulla zobbansu, kuma kowane ƙulli yana tofar da ɗan ruwa da alkohol. Wannan tururi da a da ake ɗauka shara ne, shi ne ke hura soson. Kafin ya gama fita sarƙar ta yi tauri, soson ya tsaya da ƙafarsa, kuma daga nan ba zai sake narkewa ba. Domin zafi ya shiga ciki da waje lokaci guda, sai suka koma gasa shi da tanderun maikirowef, don soso mugun mai hana zafi wucewa ne, idan daga waje ake gasa shi ɓawon da ya fara tashi zai kare cikin.

Abin da ya fito shi ne Solimide. Mita guda ta kowace fuska ba ta kai kilo 10 ba. Idan aka kara masa wuta sai ya yi baƙi ya tsuke, ba harshe, hayaƙi kaɗan. Wanda ya fi NASA cin moriyarsa ma shi ne sojan ruwan Amurka, da ya shimfiɗa shi a bangayen jiragen yaƙi da na ƙarƙashin teku, inda gobara ba ta da wurin gudu kuma kowane kilo da aka rage riba ce.

Jamusawa sun bi irin wannan hanya ta wata ƙofar. Kamfanin Röhm na Darmstadt, mai yin Plexiglas, ya fito da Rohacell a farkon shekarun 1970. Ana fara zuba faranti mai tauri wanda sinadarin hurawa ke narke a cikinsa, a saka shi a tanderu, farantin ya kumbura yayin da sarƙarsa ke ƙulla zobban da za su hana ta sake laushi. Shi ba na kwanciya ba ne, tauri gare shi kamar katako, ramukansa a rufe suke. Aikinsa shi ne zama a tsakiya: a ɗora fatar zaren kabon sama da ƙasa, a gasa duka a tukunyar matsi a digiri 180, soson ya jure bai lotsa ba. Da shi ake cika fukafukan jirage masu saukar ungulu, yana cikin haƙarƙarin bangon baya na jirgin Airbus A380 mai riƙe matsin iskar fasinjoji, kuma da yake hasken hoton ƙashi na ratsa shi ba tangarɗa, ana yin gadon ɗaukar hoto na asibiti da shi.

A ƙarshen shekarun 1990 cibiyar NASA ta Langley, tare da kamfanin Unitika na Japan, ta samar da wani soson poliyimaid mai suna TEEK, da niyyar lulluɓe tankunan man roka. Aikin ba ƙarami ba ne, domin ruwan haidirojin yana zaune ne a digiri 253 ƙasa da sifili, bayan tankin kuwa iska na gasa shi yayin tashi. Muhimmancin wannan lulluɓi ya fito fili a 2003, lokacin da wani guntun soso da bai kai kilo guda ba ya ɓalle daga tankin kumbon Columbia ya fasa gaban fiffikensa. Ranar 1 ga Fabrairu kumbon ya tarwatse a saman Texas da mutum bakwai a ciki. Soson poliyuretan ne na feshi, kuma ba ƙonewa ya yi ba, ɓallewa ya yi.

Dabara ta biyu ba gobara ce ta haife ta ba, tsimi ne. A farkon shekarun 1980 kamfanin Eastman Kodak na neman hanyar rage robar da yake kashewa ba tare da kayansa sun yi rauni ba, maganar ta kai ga Farfesa Nam Suh na jami'ar MIT, haifaffen Koriya. Tunanin Suh shi ne, kowace roba dama tana da 'yan ƙananan tabo a cikinta inda tsagewa kan fara. Idan aka cusa mata ramukan da ba su kai waɗannan tabo girma ba, za a rage nauyi ba tare da an ƙara mata wani sabon lahani ba. Shi da ɗalibansa Jane Martini da Francis Waldman suka saka roba sandararriya a tukunyar matsi, suka danna mata iska har ta jiƙa ta tsotse, suka sauke matsin farat ɗaya, sannan suka ɗan ɗumama ta. Iskar da ta rasa wurin zama sai ta ɓalle a wurare bila adadin a lokaci guda. Ramukan suka fito wajen maikiron 10, alhali kaurin gashin mutum ya kai wajen 70, kuma a santimita guda ta kowace fuska akan sami ramuka biliyan. Sun sami takardar mallakar fasahar a 1984, daga baya kamfanin Trexel ya kai ta kasuwa da sunan MuCell.

Abu biyu suka ɗaga darajar wannan hanya. Na farko siyasa ce. Tun 1974 Mario Molina da Sherwood Rowland suka yi gargaɗin cewa iskar CFC, wadda masu soso suka dogara da ita, tana cinye rigar ozon, a 1985 aka ga ɓular a saman Antatika, a 1987 aka rattaba hannu kan yarjejeniyar Montreal. Dole kowa ya nemi wata iskar. Na biyun shi ne halin kabon dayoksaid kanta. Idan zafinta ya wuce digiri 31, matsinta ya haura na iskar duniya sau 73, takan shiga wani hali tsakanin ruwa da iska, ta kutsa roba da sauri ta kuma narke a ciki da yawa. Idan ta shige tsakanin sarƙoƙin sai ta sassauta su, robar da ke buƙatar digiri 217 ta yi laushi ƙasa da haka nesa. Da iskar ta fice kuma sai taurin ya dawo, ramukan su daskare a inda suke. A duk tarihin nan da wuya a sami dabarar da ta fi wannan tsari, domin abu guda ne ke sassautawa, ya hura, sannan ficewarsa ta sandarar.

A 2001 Bernd Krause da Matthias Wessling da abokan aikinsu a jami'ar Twente ta Holan suka gwada hanyar a kan Ultem da danginsa na salfon. Suka ga cewa idan iskar da robar ta sha ta haura wani mizani, ramukan kan daina zama rufaffu, su huda juna su zama hanyoyi masu ratsa jikin robar, faɗinsu ƙasa da nanomita 100. Wannan adadi yana da ma'ana. Ƙwayar iska kan yi tafiyar wajen nanomita 70 kafin ta ci karo da 'yar'uwarta, kuma ta wannan karo ne zafi ke bin iska. Idan ramin bai kai haka faɗi ba, ƙwayar za ta fi cin karo da bango, zafi ya rasa abin hawa. Masanin Denmak Martin Knudsen ne ya bayyana halin iska a irin wannan ƙunci tun farkon ƙarni na 20. Ma'anarsa ita ce ana iya yin soson da ya fi iska tsayayya hana zafi wucewa.

PEEK bai ba da kai da sauƙi ba. Sarƙoƙinsa na son jeruwa su yi ƙanƙara-ƙanƙara, kuma sassaucin da iskar ke ba su shi ne ke ba su damar jeruwar. Inda suka jeru iska ba ta shiga, rami ba ya buɗuwa. Idan kuma aka narkar da shi gaba ɗaya sai ya tsinke ya kasa riƙe kumfa. Tazarar da ke tsakani 'yar kaɗan ce.

A Croydon, kudancin Landan, kamfanin Zotefoams ya daɗe yana amfani da zallar naitirojin a manyan tukwanen matsi. Soson da yake yi da robar PVDF yana cikin bututun iskar jiragen Boeing. Wannan masana'antar ce kuma ke hura soson da Nike ke sakawa a tafin takalmansa na gudun fanfalaki, dangin wanda Eliud Kipchoge na Kenya ya saka a Biyana ranar 12 ga Oktoban 2019 da ya gama tseren a awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40. Wannan ba don wuta aka yi shi ba, don tsalle ne, amma tukunyar ɗaya ce.

Dabara ta uku ta yi watsi da hurawa ɗungurungum: a cusa wani abu cikin robar, a bari ta sandare, sannan a zare abin ya bar gurbinsa. A shekarun 1990 James Hedrick na cibiyar binciken IBM ta Almaden ya ɗinka wa sarƙar poliyimaid guntayen wata roba mai saurin ƙonewa, ya gasa, guntayen suka tashi suka bar ramuka 'yan mitsi-mitsi. Burinsa shi ne shimfiɗar da za ta raba wayoyin cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, domin iska ta fi kowace roba hana lantarkin wata waya damun maƙwabciyarta. Aikin ya fi yin suna a ɗakin bincike fiye da masana'anta.

Wanda ya kai asibiti ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba. Likitocin ƙashin baya sun daɗe suna saka guntun PEEK tsakanin ƙasusuwa biyu da ake so su haɗe, saboda taurinsa ya fi na ƙarfen taitaniyom kusa da na ƙashi, kuma ba ya tare hoto. Aibinsa santsi: ƙashi ba ya kama shi, sai wata tsoka-tsoka ta kewaye shi. Ken Gall da ɗalibansa a Georgia Tech da ke Atlanta suka ɗumama PEEK suka danna fuskarsa a kan shimfiɗar gishiri, irin na miya, wanda aka tankaɗe aka zaɓi girman ƙwayarsa. Gishiri sai ya haura digiri 800 yake narkewa, don haka zafin bai dame shi ba. Robar ta kwarara tsakanin ƙwayoyin, aka bari ta huce, aka wanke gishirin da ruwa. Ramukan da suka rage, masu faɗin ɗaruruwan maikiron, sun isa ƙashi ya tsiro cikinsu ya riƙe. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da na'urar kamfanin Vertera Spine a 2015, NuVasive ya saye kamfanin a 2017.

Wanda ya fi kusa da mai karatu a Kano ko Yamai shi ne matatar injin wankin ƙoda. A 1983 kamfanin Fresenius na Jamus ya fito da matata ta polisalfon. Ana narkar da robar a ruwan sinadari, a matso ta ta wata 'yar huda mai zobe ta faɗa cikin ruwa. Ruwan ya janye sinadarin, robar ta sandare ta zama siririn bututu mai bango mai ramuka. Matata guda na ɗauke da irin waɗannan bututu wajen dubu goma, faɗin cikin kowanne wajen maikiron 200. Jini na bi ta ciki, dattin fitsari na fita ta ramukan, ƙwayoyin jini da manyan sinadaran gina jiki ba sa iya wucewa. Juriyar zafin robar ce ke ba da damar kashe ƙwayoyin cutar matatar da tururi. Akasarin matatun da ake amfani da su yau daga wannan dangi suke. A wannan layin ne kuma Mary Ann Meador ta cibiyar NASA ta Glenn ta ɗauko tsohuwar dabarar Samuel Kistler ta 1931, ta zare ruwa daga cikin daskararren kunun sinadari ba tare da ya rufta ba, ta yi ta da poliyimaid a farkon shekarun 2010. Na Kistler na silika da an matsa yake rugurgujewa, nata kuwa ana naɗe shi a ninke.

Abin da ya hana waɗannan sosuna shiga kasuwar katifa da rufin ɗaki kuɗi ne da lokaci. Ɗanyen kayan ya ninka na poliyuretan tsada sau da yawa, tukwanen matsi ba arha gare su ba. Sannan akwai dokar da ba ta da makawa: lokacin da iska ke ɗauka kafin ta jiƙa roba ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da kauri. Idan kauri ya ninka biyu lokacin ya ninka huɗu, idan ya ninka goma ya ninka ɗari. Takarda siririya kan jiƙa cikin sa'o'i, faranti mai kauri sai ya yi kwanaki a tukunya. Wajen fitowa ma haka, iskar da ke kusa da fata kan tsere kafin a ɗumama, bayan ya fito ba rami, cikin kuma ramukansa su fi girma. Saboda haka soson Ultem mai ramukan nanomita har yanzu akasari a siraran falle ake samunsa, masu bincike na ta fama da yadda za a fitar da shi faranti mai kaurin da zai shiga bangon jirgi ko na firji.